Rasuwar Kyamarar Baba Birki a Bakin Ruwan Sukari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai gama farfaɗowa ba, iyalan malamin tuƙin nan mai ritaya, wanda aka fi sani da Baba Birki, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da iska ke kaɗawa ta wajensu, rasuwar kyamararsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsaye bisa ƙafafunta uku, idonta a buɗe yana kallon akwatin ruwan da ya zama ajalinta. Shekara ɗaya da wata biyu ta yi a gidan. Ta yi jinyar mako uku, wadda mai ita ya ƙi yarda jinya ce har ranar da ta yi shiru.

Wanda bai san mai makokin ba, ya tambayi waɗanda suka koyi mota a hannunsa. Za su gaya masa shekara talatin da ɗaya ya yi a kujerar gefen direba, da nasa birkin daban a ƙarƙashin ƙafa, kuma daga nan sunan ya samo asali, don kafin ɗalibi ya gama yin kuskure ya riga ya taka ya kuma daka tsawa. Suna cewa ya iya aikinsa, ba wanda ya fita daga hannunsa ya take ko kaza. Suna kuma cewa ranar da shi da kansa ya ja motar makaranta da baya ya daki ginshiƙin ƙofa, fitowa ya yi ya zagaya ginshiƙin sau biyu, sannan ya ce a nemo masa wanda ya dasa shi a kan hanya. Mai kayan marmari na bakin titi yana cewa bai taɓa samun mai saye irinsa ba, mutumin da ba ya tambayar ko lemu na da zaƙi, sai dai ya jinjina shi a tafin hannu ya tambaya ko zai nutse da kyau. 'Yarsa, babbar cikin tagwayen gidan, wadda ke aikin jinya, kowa kuma ke kira Nas har iyayenta, tana cewa zuciyar Baba fara ce tas, amma ya fi sauƙi a cire masa haƙori ba allurar kashe zafi da a ciro “na yi kuskure” daga bakinsa.

Matarsa, Uwar Biyu, tela ce. Shekara talatin da shida suna tare, ba a taɓa jin ta faɗi ra'ayinta a kansa ba. Abin da aka gani kawai shi ne, ranar Laraba ta ɗaure jakar tufafinta ta ajiye a bakin ƙofa, ta naɗe kan keken ɗinkinta da zane, ta kuma gaya wa Nas, ba tare da ta ɗaga murya ba, ta zo da mota ranar Asabar. Ta ce wajenta za ta koma da zama, ba ranar dawowa, muddin kalmar da aka jefe ta da ita a kan gawar marigayiya tana nan ba a janye ba. Za a zo ga wannan kalma a inda ya dace. Tukuna, haƙƙin mamaciya ne a fara da alherinta.

Marigayiya ta shigo gidan ne a cikin kwali, kyautar tagwayen ga mahaifinsu ranar da ya ajiye aiki, don ya sami abin yi ya daina koya wa mahaifiyarsu yadda ake riƙe tsintsiya. Baƙa ce, mai nauyi daidai, mai kunya, ba ta magana sai an taɓa ta. In an kunna ta takan ce “zuut” a hankali, kamar mai neman izinin shiga. In ta ɗauki hoto takan ce “ƙyas”, sau ɗaya, ba ƙari. Ba ta taɓa gardama da kowa ba, abin da ya sa suka shaƙu da mai ita. A watanninta na farko ta yi aikin da ake sa ran kowace kyamarar kirki ta yi. Ta ɗauki jikoki da majina a hanci, ta ɗauki kyanwar maƙwabta a kan katanga, ta ɗauki Uwar Biyu tana kare fuska da hannu. Da an bar ta a haka, da yanzu tana nan cikin jakarta tana tsufa da mutuncinta.

Sai wata rana Baba Birki ya ga wani hoto a waya. Yankin lemun tsami ne ya faɗa cikin ruwa, ruwan ya tashi kewaye da shi kamar furen gilashi, kowane ɗigo a tsaye cak a iska. Ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan ba komai ba ne illa sanin lokaci, kuma duk duniya ba mai koya masa sanin lokaci, shi da ya tsufa yana taka birki kafin haɗari.

Cikin mako guda ɗakin ɗinki ya tashi daga ɗakin ɗinki. Keken ya koma baranda inda rana ke dukansa. Kan teburin yankan yadi aka ɗora wani tsohon akwatin gilashi na kiwon kifi, aka cika shi da ruwa. Ya toshe tagogin da barguna biyu don kada hasken waje ya ɓata wa fitilar walƙiya aiki. Farin zanen gadon da Uwar Biyu ke ajiye wa baƙi, ya kafe shi a bango da ƙusa huɗu. Marigayiya kuwa aka ɗaure ta a kan ƙafa uku tana fuskantar akwatin. Abu ɗaya ya rage, hannun da zai saki lemu daga sama, tunda shi yatsansa na kan maɓalli. Bai roƙa ba. Ya ajiye 'yar kujera a bayan akwatin, tsakaninsa da farin zanen, ya ce Uwar Biyu ta zauna ta ɗaga hannu, minti biyar kawai. Ta ce ai in ta zauna nan za ta fito a hoton ta cikin gilashi. Ya ce kada ta damu, in hoton ya yi kyau akwai yadda ake goge mutum.

A wannan ranar ta farko ya ce ta tsaya cak zai saita. Ya leƙa, ya murɗa zoben idon kyamarar hagu da dama har ya ce yanzu ya gani tas, sannan ya ɗauko baƙin salatif ya naɗe zoben sau uku. Ya ce madubi sau ɗaya ake saita shi, direban da ke wasa da madubi a kan hanya bai san aikinsa ba, kuma duk wanda ya taɓa salatif ɗin nan, shi da shi ne. Ba wanda ya taɓa.

Minti biyar suka zama wata bakwai. Kullum bayan karin kumallo sai a rufe ƙofa. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta saki. Lemu ya ce ɓulum, ɗakin ya yi fari fat, marigayiya ta ce “ƙyas”. Sai ya duba ɗan allon da ke bayanta, da idanunsa tsirara, don ya ƙi tabarau tun da Nas ta fara maganarsu, yana cewa idon da ke hango rami tun kafin direba ya gani ba ya bukatar kwalba. Abin da yake gani dishi-dishi ne mai launin rawaya. Sai hukunci ya biyo. Ta yi saurin saki. Ta makara. Ta jefa kamar mai jefa dutse a rijiya. Hannunta na rawa. Irinta ne ke sakin kuloci da ƙarfi mota ta mutu a tsakiyar titi. Ita kuma ta zura hannu har gwiwa ta lalubo lemun, ta goge gilashin, ta koma ta ɗaga hannu. A rana sai a yi hamsin, wata rana fiye.

Ta saba sauraro. Takan ce a ranta, mutumin da aka raba da aikinsa ai sai ya sami inda zai taka birki, gara lemu da tsintsiyarta. Mai haƙuri yakan dafa dutse, aka ce, ba a dai ce zai yi ta tsoma hannu cikin romon kullum ba.

A wata na biyar Baba Birki ya gano, a cewarsa, inda matsalar take bayan hannun nata. Ruwan ne ya cika gaggawa. Ya ce duk wanda ya taɓa juye baƙin mai ya san ya fi fetur natsuwa, don ya fi shi kauri. In ruwan ya yi kauri zai tashi a hankali ya jira kyamara. Ya juye sukarin gidan kaf a cikin akwatin, ya fita ya ƙaro wani, ya dama da sandar awon yadinta. Tunda kuwa ruwan ya sha sukari haka, ya zama mai daraja, ba a zubar da shi. Sau ɗaya Uwar Biyu ta ce masa ruwan da ya haɗu da sukari da kayan marmari ba ya kwana. Ya ce mai ɗinki ta tsaya ga allurarta.

Iyalan na neman afuwar masu raunin zuciya, amma ba a ba da labarin jinya a tsallake ciwo. Kwana uku ruwan ya fara tsami. Mako guda ya yi kumfa a gefe-gefe. Kafin mako biyu ya yi yauƙi, in ta ɗaga hannu daga ciki sai zare ya biyo yatsunta kamar majina, ya tsinke ya koma. Ƙananan ƙudaje suka zo suka tare, irin waɗanda ba sa jin kora, suna shiga ido da hanci. Kayan marmarin ma ba a sallamarsu da wuri. Lemu ɗaya sai ya yi ta aiki har ya yi laushi, gashin fumfuna ya fito masa a gindi. Ayaba ta yi baƙi, inibi ya saɓule fatarsa, yankin kankana ya narke ya bar 'ya'yansa kwance a ƙasan akwatin cikin wani abu mai kama da laka. Wata safiya suka tarar da kyankyaso ya kwana a ciki, ya mutu cikinsa a sama. Baba Birki ya ɗebe shi da cokalin shayi ya ce a ci gaba. Har yau Uwar Biyu ba ta shan shayi da cokalin gidan sai ta juya shi ta duba.

Ɗakin kuwa a rufe, ga zafi, ga barguna sun shanye warin suna mayarwa. Warin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kama yadin mutane a baranda. Wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, ta sunsuna rigar, ta tambaya a hankali ko an fara dafa wani abu ne a gidan da bai kamata a faɗa ba. Maƙwabciya ta daina shanya a gefensu. Uwar Biyu ta kai in ta ga tulin lemu a bakin titi sai yawu ya taru mata a baki, ta kau da kai. Tsakanin yatsunta fata ta yi fari, ta saɓule, ta tsage, har riƙe allura ya zama sai da cije leɓe. Nas ta duba ta ce a fitar da hannun nan daga ruwa, ko aƙalla a sa masa safar roba. Baba Birki ya ce safa za ta canza saki, yanzu da aka kusa.

Duk wannan lokaci, kowane ɓulum sai ya aika wa marigayiya da rabonta. Baba Birki yakan goge mata gilashin gaba kawai da bakin rigarsa, ya kuma hana kowa kusantar ta. Danƙon ya bi ta gefen maɓallai da bakin murfin batir ya shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma kiyashi ko tsaga ba sa jira. Uwar Biyu, da ke zaune tana fuskantar ta kullum, ita ta fara ganin layinsu yana hawa ƙafar hagu, masu hawa hannu wofi, masu sauka da kaya. Ta gaya masa. Ya ce kiyashi ba sa cin ƙarfe.

Daga nan jiki ya fara. Maɓallin ya riƙa maƙalewa. “Ƙyas” ɗin nan nata mai tsabta ya koma “ƙyaaa…s”, kamar mai jan ƙafa. In an kunna ta, maimakon “zuut”, sai ta ce “grrr” ta yi shiru, sai an bubbuga mata baya. Wani lokaci ba wanda ya taɓa ta sai ta ɗauki hoto ita kaɗai. Wani baƙin ɗigo ya bayyana a allonta yana tafiya daga kusurwa zuwa kusurwa. Baba Birki ya ce inuwar Uwar Biyu ce, ta daina motsi.

Ranar Litinin da la'asar, takalmin Uwar Biyu ya maƙale a ƙasan ɗakin har sai da ta fizge shi. Abin ya ishe ta. Ta jiƙa tsumma ta goge ƙasa da teburin da ƙafafun nan uku, ta tsaya daidai inda marigayiya ta fara, ba ta taɓa jikinta ba. Ta shanya tsumman a bakin ƙofa.

Ranar Talata da hantsi aka zo kan wani mangwaro da ya kamata a ce an sallame shi tun makon jiya. Ya ƙirga, ta saki. Mangwaron bai ce ɓulum ba, fashewa ya yi, ya watsa mata a fuska da wuya. Fitila ba ta walƙa ba. Marigayiya ta ce “ƙit”, sannan tsit. Ya bubbuga, ya cire batir ya hura ya mayar, ya kira ta da sunaye masu daɗi. Nas ta shigo a daidai lokacin da maganin hannu, maƙwabciya na biye da ita da yadin da take son a yanka mata. Idonsa ya faɗa kan tsumman da ke bakin ƙofa. A gabansu ya juya ya dubi matarsa, da ruwan mangwaro yana bin haɓarta.

“Ke kika kashe ta,” ya ce. “Da ma tun farko ba kya ƙaunarta. Wannan mugunta ce kawai.”

Wannan ita ce kalmar. Uwar Biyu ta tashi daga 'yar kujerar, ta fita ta wanke fuska da hannu da sabulu sau uku. An ce mata mai gaggawa, an ce mata mai nawa, an ce mata mai rawar hannu, duk ta ɗauke su kamar yadda ake ɗaukar zafin rana. Amma muguwa, da yatsun nan a tsage, a gaban 'yar da ta haifa da matar da ke gaishe ta kullum, wannan ta duba ta ga ba ta da inda za ta ajiye shi. Washegari ta fara ninke kaya.

Mai makokin ya so a rubuta a wannan sanarwa cewa marigayiya ta rasu sakamakon jiƙaƙƙen tsumman da aka goga mata da gangan. Iyalan suka ga ya dace a jira ta bakin likita.

Ranar Alhamis Nas ta kai gawar shagon mai gyaran kyamara da waya, ta kuma dage sai iyayenta biyu sun je. Shagon ɗan siriri ne, da fitila mai lanƙwasa a kan tebur da madubin ƙara girma. Mai gyara ya shimfiɗa farar takarda, ya kwance ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya ya jera. Da ya ɗaga murfin baya sai ya ja kansa baya, ya ajiye sukuddireba, ya lalubo takunkumi ya sa. Kiyashi suka malalo kan takardar kamar an kifar da barkono, kowanne ɗauke da farin ƙwai a baki. A ciki, kan duk wata waya da ƙarfe, wani jan danƙo ne ya daskare, fumfuna ta yi saƙa a gilashin ciki. Ya tambaya wa ke ba ta shayi. Ya ce ya sha ciro yashi daga cikin kyamara, ya ciro gishirin teku, ya taɓa ciro fitsarin jariri, amma bai taɓa buɗe wadda aka yi gari a cikinta da uwar gari da komai ba. Nas ta tambaye shi a fili ko tsumma zai iya yin wannan. Ya ce tsumma da an samu da an yi mata gata, wannan aikin watanni ne na ruwan sukari, ruwa ai ba ya tsami banza. Baba Birki ya ce to wani ne ya riƙa barin ƙofa a buɗe kiyashin suka shigo. Uwar Biyu ta fita waje ta jira su.

Kafin su tafi mai gyara ya nuna salatif ɗin ya tambaya aikin wane ne. Ya tambayi tazarar da ke tsakanin kyamara da akwatin. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai, ya ce an saita idon ne can bayan akwatin, ba abin da zai faɗa cikin ruwan nan ya fito tas ko da injin ne ke sakinsa. Baba Birki ya ce madubi sau ɗaya ake saita shi. Mai gyara bai ja ba, ya zaro ɗan katin ajiya ya goge ya miƙa wa Nas.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙafa uku, waɗanda har yanzu kiyashi ke hawa suna sauka don ba a sanar da su ba. Ta bar fitilar walƙiya guda, cikin ƙoshin lafiya amma ba ta magana da kowa. Ta bar batir biyu, ɗaya ya kumbura, da caja, da igiyar rataya mai ɗaukar ƙuda. Ta bar murfin idonta, wanda ya ɓace tun ranar farko aka same shi jiya a aljihun mai makokin. Ta bar akwatin ruwa, yana nan da ransa yana kumfa. Ta kuma bar katin ajiya ɗauke da hotuna dubu goma sha ɗaya da ɗoriya, wanda shi ne wasiyyarta.

Ranar Juma'a da yamma Nas ta sa katin a kwamfutarta, ta zaunar da mahaifinta a gaban babban allo, ta ɗauko tabaran ɗinkin mahaifiyarta ta ɗora masa a hanci ba tare da ta nemi izini ba. A kowane hoto akwai wani dunƙulen dishi-dishi a gaba, rawaya ko kore ko ja. A bayansa kuwa, ta cikin gilashin, tas har ana ƙirga gashin gira, fuskar Uwar Biyu ce. A na farko-farko har da ɗan murmushi, irin na mai biye wa yaro. Can gaba murmushin ya tafi. Can gaba ta runtse ido tana jiran fantsama. Daga wata na biyar hanci ya tattare, leɓe ya matse, ta ja gefen mayafi ta toshe baki. Akwai wanda ƙuda ke zaune a kan fatar idonta, hannunta a sama ba halin kora. Akwai wanda ta sauke hannun kusa da fuska, tsagar yatsun a fili ja wur. Akwai wanda kowa ya gani ya san amai take haɗiyewa. Wata bakwai marigayiya na faɗin abin da take gani, sau hamsin a rana, ba a saurare ta ba.

Baba Birki ya karɓi maɓallin daga hannun Nas ya riƙa dannawa da kansa. Ya daɗe. Bai ce komai ba. Ya cire tabaran ya ajiye, ya tashi ya fita baranda ya tsaya kusa da keken. Uwar Biyu ta gani daga bakin ƙofa, ba ta kuma ji daɗin komai ba. Ƙyanƙyami ne ya sake taso mata, na ruwan, da na ganin kanta zaune a wurin kamar an dasa ta. Ta san shirun nan nasa, ta shekara talatin da shida tana karɓarsa a madadin magana. Wannan karon a gaban mutane aka yi, shiru ba zai biya ba. Ta je ta ƙara jan zip ɗin jakarta.

Game da jana'iza, ga abin da iyalan suka tsayar. Gobe Lahadi da hantsi za a miƙa gawar ga mai gyara, wanda ya yi alkawarin cire abin da zai amfani wasu, sauran kuma a sa a kwalin takalmi. Ba za a yi mata wanka ba, ruwan da ta sha ya isa. Bayan nan za a kwashe ruwan akwatin da bokiti zuwa babbar kwata, kuma mai makokin ya ce shi kaɗai zai yi, ba ya son taimako. Ana shawartar masu rakiya su zo da hankici, su kuma tsaya ta inda iska ke fitowa. Bargunan za a jiƙa su kwana uku a ga abin da hali zai yi. Farin zanen gado ba a sa ran tashinsa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, don girman zumunci, kada kowa ya riƙo kayan marmari, kuma shayin da za a bayar babu sukari. Baba Birki zai karɓi gaisuwa a baranda. Uwar Biyu za ta karɓi tata a ɗakin ɗinkinta, tagogi a buɗe, keken a mazauninsa.

Waɗanda suka ga jaka a bakin ƙofa tun Laraba za su so sanin yadda aka yi, kuma tunda a gaban mutane aka ɓata, ya dace a faɗa a gaban mutane. Yau Asabar da safe Nas ta zo da mota kamar yadda aka ce mata. Maƙwabciya ta fito yin sallama. Uwar Biyu ta yafa mayafi ta sunkuya za ta ɗauki jaka, sai ta ji kakarin amai daga ɗakin ɗinki. Ta leƙa. Baba Birki ne, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa a cikin akwatin, karo na farko tun da aka cika shi, yana laluben ragowar mangwaron Talata. Fuskarsa ta yi daidai da wadda ya gani a allo jiya. Ya ɗaga hannun, zaren yauƙin ya biyo yatsunsa, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya fito a haka bai wanke ba, ya zo ya tsaya tsakaninta da ƙofa.

“Malam,” ta ce, “kana ɗiga mini a jaka.”

Ya ja da baya taku ɗaya, ya ɓoye hannun a bayansa. Ya dubi Nas, ya dubi maƙwabciya, ya ga ba mai niyyar kau da kai. Muryar da ta saba cika mota ta fito ƙasa-ƙasa, sai ya gyara ta ya ɗaga yadda duk za su ji.

“Uwar Biyu, ba ke ba ce. Ni na zuba sukarin, ni na naɗe salatif ɗin, ni na zaunar da ke wata bakwai a bakin ƙazantar nan ina ce miki hannunki ne. Kuma na kira ki da sunan da ba naki ba a gaban 'yarki. Na yi kuskure. Don Allah ki yafe mini.”